Wane Littafin Kimiyya Ya Cancanci Kuɗin Manomin Citta?

A daminar 2023, daga watan Yuli zuwa Agusta, manoman citta a ƙananan hukumomin Kachia da Kagarko da Jaba da Jema'a da Zangon Kataf suka gamu da abin da ba su saba gani ba. Ganye ya fara yin ruwan ɗorawa, ya yanƙwane, ya bushe tun lokacin bushewarsa bai yi ba, in an tona ƙasa kuma a tarar cittar ta ruɓe. Gonar wannan ta kamu, kafin a ankara ta maƙwabcinsa ta bi. Hukumomin tarayya sun ƙiyasta asarar ta haura naira biliyan 12, amma adadin bai faɗi abin da ya auku a cikin gidaje ba, domin a wannan yanki citta ce kuɗin makaranta, ita ce kwanon rufi, ita ce sadaki, ita ce kuɗin asibiti. Masu bincike sun ce cuta ce da ƙwayar fumfuna ke haddasawa. A bakin jama'a kuwa, kamar kullum in annoba ta sauka ba a san kanta ba, laifin ya rarrabu tsakanin yawan ruwa da gurɓataccen taki da maganin ciyawa da sammu.

Maganar da nake so in yi ta littattafai ce, kuma a ganina daga nan ya kamata a soma ta. Jerin sunayen littattafan kimiyya da ake yaɗawa don mai karatun da ba ƙwararre ba kusan kullum da abu ɗaya yake buɗewa: A Brief History of Time na Stephen Hawking na 1988, da makamantansa masu bayanin farkon sararin samaniya da ƙarshen taurari. Littattafai ne masu daraja, ba ni da ja. Sai dai ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko malamin sakandare a Kwoi, wanda da ƙyar yake iya sayen littafi biyu a shekara ban da na manhaja, yana buƙatar ma'aunin da ya wuce shahara. Ma'aunin da nake kawowa shi ne wannan: littafin da ya cancanci kuɗinsa shi ne wanda ya ɗauki wata asara ko wani abin mamaki irin wanda yake gani da idonsa, ya nuna masa dalla-dalla yadda wasu mutane suka bi diddigi har suka gano sababi, har da kurakuran da suka tafka a hanya. Wanda ya karanta irin wannan yana tashi da hanyar bincike a hannunsa, kuma hanyar tana aiki ko a kan matsalar da marubucin bai taɓa jin labarinta ba.

Da za a ce in zaɓi littafi ɗaya tak a ajiye a kowace sakandare daga Kubacha zuwa Manchok, wani tsoho zan ɗauko da ba kasafai ake ambatonsa ba, The Advance of the Fungi, wanda Ba'ingile E. C. Large ya wallafa a 1940. Tarihin cututtukan shuka ne, kuma babban labarinsa shi ne bala'in da ya faɗa wa dankalin Turawa a ƙasar Ailan a 1845. Talakawan ƙasar sun dogara kacokan ga dankali, galibi iri ɗaya, kuma dankali ba da ƙwaya ake shuka shi ba, na bara ake yankawa a binne. Cikin 'yan makonni gonaki suka yi baƙi, wanda aka riga aka tona aka adana ma ya ruɓe. Kafin yunwar ta lafa mutum wajen miliyan ɗaya sun mutu, wasu wajen miliyan ɗaya sun bar ƙasar. Gardamar da ta biyo baya ita ce zuciyar littafin. Manyan masana irin su John Lindley suka ce sanyi da yawan ruwa ne suka kashe shukar, fumfunar da ake gani a bayan ganye kuwa cin mushe kawai ta zo yi. Wani limamin coci a ƙauye, M. J. Berkeley, wanda ya daɗe yana duba irin waɗannan halittu a madubin ganin ƙananan abubuwa, ya ce a'a, fumfunar ce ke kisan. Kaɗan ne suka goyi bayansa. Sai a farkon shekarun 1860 Bajamushe Anton de Bary ya raba gardama da gwaji: ya sa shuke-shuke masu lafiya cikin danshi iri ɗaya, ya sa wa wasu ƙwayar cutar ya bar wasu, sai waɗanda aka sa wa kaɗai suka ruɓe. Maganin farko ma a bakin hanya aka tsince shi. A 1882 wani masanin tsirrai a Faransa, Millardet, ya lura cewa inabin gefen hanya, wanda masu gona suka yayyafa wa haɗin tagulla da farar ƙasa don masu wucewa su ji tsoron tsinka, bai kamu da cutar da ta cinye sauran gonar ba. Daga wannan lura aka samo ruwan feshin da har yau ake aiki da shi.

Manomin Jaba ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙin wannan labari. Ita ma citta da yatsunta ake shuka ta, irin da aka ɓoye daga girbin bara ko aka saya a hannun maƙwabci, kuma kusan duk yankin iri biyu yake nomawa, tafin giwa da yatsun biri. Dubban gonaki jininsu ɗaya ke nan, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Irin wannan cuta tana tafiya cikin iri, tana maƙalewa a ƙasar da ke jikin fartanya da takalmi, tana bin ruwan da ya gangaro daga gonar sama. Wanda ya fahimci haka zai gane abin da ya sa malaman gona ke nacewa a kan iri mai tsabta, da hutar da gona daga citta na wasu shekaru, da tada kunya don ruwa ya wuce, da tuge shukar da ta kamu a ƙone ta. Zai kuma iya yin abin da de Bary ya yi a kusurwar gonarsa: kunya biyar da irin da aka wanke da magani, biyar da wanda ba a wanke ba, a rubuta abin da aka gani duk mako. Large ya kuma kawo labarin Siri Lanka, inda tsatsar ganye ta fara cin kofi a 1869 har ta rusa noman, ƙasar ta koma ganyen shayi. Wannan gargaɗi ne ga duk yankin da ya ɗora rayuwarsa a kan amfanin gona guda.

Na biyu a wurina shi ne The Ghost Map na Steven Johnson, wanda ya fito a 2006. A ƙarshen Agustan 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan, ta kashe mutum 616. Likitocin lokacin sun ɗauka wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo cutar. Likita John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa, ya sa alama a taswira a kan kowane gidan da aka yi rashi, sai alamomin suka taru kewaye da famfon rijiya ɗaya a titin Broad. Hujjarsa mafi ƙarfi ta fito ne daga mutanen da a zahiri suka saɓa wa tsarin. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke tsakiyar unguwar ba su kamu ba, domin ba ruwan famfon suke sha ba. Wata tsohuwa da ke zaune can nesa a Hampstead ta mutu, da aka bincika ashe ɗanɗanon ruwan titin Broad take so, ana kai mata shi a kwalba. Aka cire hannun famfon. Wani matashin limamin cocin unguwar, Henry Whitehead, ya shiga binciken da niyyar ƙaryata likitan, amma da yake ya san kowa ya san gidan kowa, shi ne ya gano mafarin: wata jaririya ce ta fara ciwon, uwarta tana zuba ruwan wankin tsummokaranta a ramin shadda da bai kai taku biyu daga rijiyar ba. Duk wanda ya san yadda gidaje ke cunkushe a tsofaffin unguwanninmu, rijiya a nan shadda a can cikin fili ɗaya, ya san labarin bai tsufa ba. A 2021 kaɗai Najeriya ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu. Snow bai taɓa ganin ƙwayar cutar da idonsa ba. Da takarda da fensir da ƙafa ya yi aikinsa, kuma ɗalibar Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Kafanchan tana da ukun duka.

Kusa da shi sai a ajiye Microbe Hunters na Paul de Kruif na 1926. Akwai kalaman raina baƙar fata irin na zamaninsa a ciki, kuma ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai su a fili. Duk da haka babu littafin da ya fi shi sa mai karatu ya ji kamar yana tsaye kusa da masu bincike irin su Pasteur da Koch, ko kusa da Bruce yana bin sawun ƙudan tsando, ko Ross yana fiɗar sauro. Babinsa a kan mashaƙo, cutar da ta kashe yara a Kafanchan a 2023 alhali rigakafinta ya kusa shekara ɗari da samuwa, ya isa dalilin karanta shi.

A ɓangaren fasaha, littafin da ya fi kusa da aljihun manomi shi ne The Alchemy of Air na Thomas Hager na 2008. Buhun yuriya yana ɗauke da lamba 46, na NPK kuma 15-15-15 ko 20-10-10, kuma da yawa cikin masu saye ba a taɓa zaunar da su an ce ga ma'anar lambobin ba. Lambar farko kason naitirojin ne cikin ɗari. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma masara ba ta iya cin ta a haka. A 1909 Fritz Haber ya nuna yadda za a tilasta mata haɗuwa da haidirojin ƙarƙashin tsananin zafi da matsi ta zama amoniya, Carl Bosch kuma ya gina masana'antar farko a Oppau ta Jamus a 1913. Masana irin su Vaclav Smil sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau abincin da wannan taki ya nomar suke ci. Haidirojin ɗin daga iskar gas ake ciro shi, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya tada farashin gas a 2022, buhun taki ya ƙara yin tashin gwauron zabi har a kasuwar Kafanchan. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da yuriyar da aka watsa a saman ƙasa cikin rana take komawa iska, kuɗin ya bi ta, da dalilin da wake da gyaɗa da waken soya ke gyara gona, tunda ƙananan halittun da ke ƙulle-ƙullen saiwarsu suna yin wannan aiki a kyauta. Hager bai ɓoye ɗaya fuskar ba: amoniyar nan ita ta ba Jamus abin haɗa nakiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma Haber ɗin ne ya jagoranci amfani da iskar guba a fagen daga a 1915. Abokin tafiyar wannan littafi shi ne Silent Spring na Rachel Carson na 1962, wanda ya bi magungunan feshi daga gona zuwa rafi zuwa kifi zuwa jikin mutum. Carson ba ta ce a daina feshi ɗungurungum ba, ta ce a san abin da ake zubawa da inda yake ƙarewa. A yankin da yaro ke goya injin feshi ba safa ba takunkumi, robar magani kuma ta koma ta zuba manja, a ƙasar da Tarayyar Turai ta hana shigo da wakenta a 2015 saboda yawan maganin ƙwari, maganarta tana nan da ranta.

Akwai kuma littafin da a ƙasarmu aka tono abin da ke cikinsa. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta yau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 wani ya fito kusa da Jema'a, akawun wurin haƙar ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a kan mutum-mutumi, har daga baya ya isa hannun Bernard Fagg a Jos, wanda ya ga kamanninsa da na farko. Fagg ne ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya kuma wallafa Nok Terracottas a 1977. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murahun narka tama da suka girmi haihuwar Almasihu da ɗaruruwan shekaru. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka shafe fiye da shekara goma suna haƙa, da sansaninsu a Janjala cikin Kagarko, suka fitar da Nok: African Sculpture in Archaeological Context a 2014. Hotunansa suna da kyau, amma darajarsa a bayanin yadda aka sani take. Duk mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da rabi a kowace shekara 5,730 bayan mutuwarsa, saboda haka ƙwayar geron da ta faɗa wuta ta ƙone tana iya faɗin shekarunta. Da haka aka gano cewa mutanen Nok sun zauna a nan tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu, suna noman gero da wake. A 2021 wani bincike da aka yi tare da Jami'ar Bristol ya samu burbushin kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da aka gwada, wato tun wancan zamani ake cin zuma a wannan ƙasa.

Rashin wannan ilimi ya riga ya jawo mana asara. Tun shekarun 1990 ake tone wuraren Nok da dare ana sayar da abin da aka samu ga dillalai, har wasu suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a Paris a 2000, abin ya zama takaddama tsakanin ƙasashen biyu. Matashin da ya ɗauki diga ya tono kan yumɓu ya karɓi 'yan kuɗi ya ɗauka kan ne abin daraja. Bai san gawayin da ya watsar da jerin ƙasar da ya hargitsa su ne shaidar da za ta faɗi shekarun abin da yadda masu shi suka rayu ba, kuma in an hargitsa ba ta dawowa. 'Yan sanda ba za su iya tsare kowane tsauni ba. Ɗan ƙauyen da ya karanta ya gane abin da ke ƙarƙashin gonar ubansa ya fi su iya tsaro.

To, za a ce wannan duk maganar ƙoshi ce. Yankin da ya sha hare-hare da garkuwa da mutane, inda wasu suka bar ƙauyukansu suka bar gonakinsu, ina ruwansa da littafi? Ban raina wannan magana ba, domin tsaro da abinci suna gaba da komai. Amma akwai amsa a cikin The Boy Who Harnessed the Wind na William Kamkwamba da Bryan Mealer na 2009. Yaro ne ɗan ƙauyen Wimbe a Malawi da yunwar 2001 zuwa 2002 ta fitar daga sakandare saboda rashin kuɗin makaranta. A wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu na firamare ya samu littafi mai suna Using Energy, da hoton injinan iska a bangonsa. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, zane-zanen ya riƙa bi. Da ƙarfen keke da fankar tarakta da bututun roba da ya tsinto a bola ya haɗa injin da ya kunna ƙwan lantarki a gidansu, yana ɗan shekara 14. Ba kowane yaro ne zai zama Kamkwamba ba, amma in babu wannan kanta ta littattafai ko shi ɗin ba zai zama ba, kuma kuɗin cika irinta bai kai na gina aji ɗaya ba. Kafanchan ma ta ga makamancin haka. Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko, wadda aka kafa a 1996, ta koyar da matasa kwamfuta ta kuma kafa intanet mara waya mai suna ZittNet a lokacin da ake ganin irin wannan abu sai Legas da Abuja.

Wasu kuma za su ce littafin manhaja ya wadatar, abin da ya rage kuma yana cikin waya. Littafin manhaja amsoshi yake bayarwa don WAEC da JAMB, kuma yana da aikinsa, amma yakan ɓoye yadda aka samo amsar. Zai ce kewayen duniya kilomita 40,000 ne, ɗalibi ya haddace. Carl Sagan kuwa, a cikin Cosmos na 1980, ya ba da labarin yadda Eratosthenes ya auna shi a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ta hanyar kwatanta inuwar tsakar rana a Iskandariyya da Aswan. Ana iya maimaita wannan a nan. Kano tana kusan daidai arewa da Kafanchan, tazarar kai-tsaye wajen kilomita 270. In ɗaliban wata makaranta a Kano da na wata a Kafanchan suka kafa sanda miƙe a rana ɗaya, suka auna inuwa lokacin da ta fi gajarta, za su ga bambancin kusan digiri 2.4. A raba 360 da wannan a samu 150, a ninka da 270, sai ga kilomita 40,000 da ɗoriya. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya san cewa ana iya gwada maganar littafi. Ita waya kuwa tana kawo gaskiya da ƙarya a kwano ɗaya. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ne ya tada mutane cikin dare a faɗin ƙasar nan suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har wasu suka rasa ransu, kuma cikin masu yin haka akwai masu digiri. Sanin yadda ake tantance magana sai da dogon karatun da ke bin hujja ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, irin na The Demon-Haunted World na shi Sagan ɗin na 1995, ko Bad Science na Ben Goldacre na 2008, wanda ke koya yadda ake gane maganin gaske daga tallar magani.

Tsoron da ya fi zurfi a zukatan iyaye, Kirista da Musulmi, shi ne kada littafin ya raba yaro da addininsa. Gaskiya ne akwai masana kimiyya da suka rubuta littattafai don yaƙar addini, kamar The God Delusion na Richard Dawkins, kuma wannan muhawarar aƙida ce da ya kamata a kira ta da sunanta. Ba ita ce ke cikin littattafan da na lissafa ba. Berkeley da Whitehead limaman coci ne. Gregor Mendel, wanda ya gano dokokin gadon halitta da shukar waken Turawa, ɗan zuhudu ne. Pathfinders na Jim Al-Khalili na 2010 ya kawo tarihin Al-Khawarizmi da Ibn al-Haisam, wanda ya dage cewa sai an gwada magana kafin a karɓe ta. Africa Counts na Claudia Zaslavsky na 1973 ya yi bayanin aikin lissafin Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741. Akwai wuraren da mai imani zai tsaya ya yi tunani, musamman a batun sauyawar halittu, kuma ɓoye wa yaro batun ba ya kare shi. Ya riga ya ga wani yanki nasa a gida: ƙwarin da magani ya daina kashewa, da kulorakwin da ta daina jin zazzaɓi har Najeriya ta sauya magani a 2005. Gara ya haɗu da tambayar a gaban malami da iyaye da su bar shi ya gamu da ita shi kaɗai a waya.

Ƙorafin da na fi yarda da shi shi ne na harshe. Duk littattafan nan da Turanci suke, yawancinsu baƙi ne suka rubuta, kuma uwar da ke ɗibar ruwa a rijiya da dattijon da ke ɓoye irin citta ba za su karanta su ba. A nan dole a yi maganar Hausa, tare da sanin cewa magana ce mai nauyi a Kudancin Kaduna. Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da Adara da sauran al'ummomi suna da harsunansu, suna ƙoƙarin raya su a rubuce, kuma tarihin mulkin da aka yi a yankin ya sa wasu suna ɗari-ɗari da duk abin da zai ƙara wa Hausa ƙarfi. Wannan damuwa tana da tushe, kuma duk wanda zai rubuta kimiyya da Jju ko Tyap ko Hyam ya cancanci a mara masa baya. Amma tun da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos a Kafanchan a 1927 garin ya cika da baƙi, Hausa ce harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, da ita ake wa'azi a coci-coci da yawa tun bayan fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, da ita malamar asibiti ke tambayar mara lafiya inda ke masa ciwo. Littafi ɗaya na Hausa zai isa Kagoro da Kachia da Saminaka a lokaci guda. An ma taɓa yi. A ƙarshen shekarun 1940 Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah a Zariya, bayanin halittu da yadda duniya ke gudana cikin Hausa mai daɗi, a 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi tafiya sararin samaniya. Harshen ya ɗauki nauyin a wancan lokaci, masu ɗora masa ne suka yi ƙaranci daga baya.

Fassara kalma da kalma ba ita ce mafita ba, ga kuma haƙƙin mallaka da tsadarsa. Abin da ya fi shi ne a karanta waɗannan littattafai a koyi salonsu, sannan a rubuta namu: ƙaramin littafi mai shafi sittin a kan rijiya da shadda, wani a kan lambobin buhun taki, wani a kan Nok da yadda ake auna shekarun tukunya, wani a kan ma'adinan da ake haƙa a Jema'a da gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Masu iya rubutawa suna nan. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan yana da tsangayar aikin gona da ta muhalli, Gidan Waya tana da malaman kimiyya da na harsuna a harabar makaranta ɗaya, a 2025 kuma an kafa jami'ar kimiyya ta tarayya a Kachia aka kuma amince da cibiyar lafiya ta tarayya a Kafanchan. Asusun TETFund yana ware kuɗi don ɗakunan karatu da kuma mayar da rubuce-rubucen malamai littattafai. Ina kira ga shugabannin waɗannan makarantu su haɗa malamin kimiyya ɗaya da malamin harshe ɗaya a kan kowane littafi, su kuma lissafa aikin cikin abin da ake duba wa malami wajen ƙarin girma. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da na tsofaffin ɗalibai, da kwamitocin coci da na masallaci, waɗanda ke tara kuɗi duk ƙarshen shekara, su ware wani kaso su sayi kwafi biyu-biyu na littattafan nan su kai sakandaren garinsu, su kuma tabbatar an ba yara aro suna tafiya da su gida.